Ƙasar Nan Ta Wa Ce?

A farkon shekara ta 1994 wani mutumin Konkomba da wani mutumin Nanumba suka yi gardama a kan zabuwa a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla. Cikin 'yan kwanaki wutar ta bazu a arewacin Gana, har ta kai yankin Yendi da Salaga. Aƙalla mutum 2,000 suka mutu, an ƙone ƙauyuka fiye da 400, mutane fiye da 150,000 kuma suka bar gidajensu. Sai a 1996 aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Kumasi.

Kowa ya sani ba zabuwa ce ta jawo wannan ba. Tushen maganar ƙasa ce da sarauta. A zamanin Turawan Ingila an sa ƙabilun da ba su da babban sarki a ƙarƙashin sarakunan Dagomba, Nanumba, Gonja da Mamprusi. Konkomba, shahararrun manoman doya, suka yi ta ƙaura zuwa ƙasar Nanumba da ta Gonja don neman gona. Mai ƙasa yana cewa, kakannina ne suka kafa wurin nan. Manomi yana cewa, ni na sare dajin nan, a nan na binne mahaifina, har yaushe za a riƙa kirana baƙo? Irin wannan tambaya ce ta tada faɗan Gonja da Nawuri a Kpandai a 1991. Kusasi da Mamprusi ma sun fara jayayya a kan sarautar Bawku tun wajen 1957.

To, wa yake da gaskiya? Dukansu biyu suna da hujja. Gādo ba abin wasa ba ne. Nabot ya ƙi sayar wa sarki Ahab gonar inabin kakanninsa, Allah kuwa ya hukunta gidan sarkin da ya ƙwace ta da jini. Haka nan gumin manomi yana da hakki. Wanda ya yi shekara hamsin yana noma wuri, ba a korarsa dare ɗaya kamar akuyar da ta shiga gona.

Amma akwai abin da ba ɗayansu yake da iko a kansa, wato ran ɗan Adam. Gonar da aka ƙwace, ana iya mayar da ita ta hannun alƙali ko ta zaman dattawa. Wanda aka kashe, wace kotu ce za ta tashe shi? Saboda haka mai gaskiya a kan gona yakan zama mai laifi a ranar da ya ƙone rumbun gwauruwa. Zuciyar da ta saba da zub da jini kuwa ba ta tsayawa a iyakar ƙabila. A watan Maris na 2002, a Yendi, rikicin gidan Abudu da gidan Andani, jikokin kaka ɗaya, ya ci ran Ya Na Yakubu Andani na Biyu. Sai a 2019 aka naɗa sabon Ya Na.

Ka tuna da Ibrahim da Lutu. Da makiyayansu suka fara faɗa a kan wurin kiwo, Ibrahim ne babba, shi ya kamata ya fara zaɓe. Duk da haka ya bar wa ɗan ɗan'uwansa zaɓi, don ya ga zumunci ya fi fadama daraja. Bai talauce ba.

Ɗan'uwana, wata rana za a iya ƙwanƙwasa ƙofarka da dare, a ce kowane gida ya kawo kuɗin sayen bindiga, ko ya ba da saurayi ɗaya. In ka ƙi, za a kira ka matsoraci, ko maci amanar dangi. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma ka yanke shawara tun yau, kafin ranar ta zo. Ka ba da kuɗinka don a kai ƙara, ka ba da ƙafarka don a je sulhu, ka faɗi gaskiyar iyakar gona ko da ba ta yi wa naka daɗi ba. Kada ka ba da ɗanka.

Addu'a: Ya Ubangiji, mai sama da ƙasa, ka kiyaye hannuwanmu daga jini, ka ba dattawanmu hikimar raba gardama. Amin.