Jama'ar Sabo, Mu Saurari Numfashin 'Ya'yanmu

Jama'ar Sabo ta Ibadan, iyayena da yayyena da ƙannena, mazauna Mokola da waɗanda neman abinci ya kai su Sasa da Ojoo da Bodija amma har gobe nan suke dawowa suna da biki da jana'iza. Maganar zuciyar yara ƙanana na ɗauko, kuma abin da ya sa na ɗauko ta abu ne da ya kamata ya dame mu. Daga shataletalen Mokola zuwa ƙofar asibitin koyarwa na UCH, mai ƙafa ma takawa yake yi, balle wanda ya hau okada ko ya shiga motar haya ta Micra. Tun 1957 asibitin nan yake buɗe a maƙwabcinmu. Mutane suna yin sammako daga Saki da Ogbomosho su kawo yaro a duba masa ƙirji, mu kuwa da muke jin jiniyar motar asibiti daga ɗakunanmu, sau da yawa sai yaro ya kumbura, numfashi ya gagara, sannan a nemo abin hawa cikin dare.

Ciwon zuciyar yara iri biyu ne: wanda aka haifi yaro da shi, da wanda ya same shi bayan ya zo duniya lafiya lau. Zuciya gida ce mai ɗakuna huɗu, da bango a tsakiya da ya raba jinin da zai tafi huhu ya ɗauko iska da jinin da ya riga ya ɗauko, kuma da ƙyaure a bakin kowace mafita don kada jini ya koma baya. Wani jaririn ana haifarsa da huda a bangon nan, wani da ƙyauren da ya ƙuntata, wani kuma wata jijiya da ya kamata ta rufe kwanaki kaɗan bayan haihuwa ce ta ƙi rufewa. Kusan jariri 1 cikin kowane 100 da ake haifa a duniya yana zuwa da irin wannan. Ku ƙirga sunayen da ake raɗawa a Sabo cikin shekara, za ku ga cewa maganar ba ta wasu can ba ce.

Iyaye mata, ku kuka fi kowa ganin alamar farko, domin a bakin nono take bayyana. Jariri ya kama nono ya ja sau uku, sau huɗu, sai ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi alhali ana sanyin damina. Ya huta, ya sake kamawa, ya sake saki. Shayarwar da ba ta wuce minti goma ga 'yan'uwansa, shi sai ta ci rabin sa'a, kuma bai ƙoshi ba. In kin ɗaga rigarsa za ki ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk numfashi. Wata ya zo ya wuce, ma'aunin awo bai motsa ba, mura da limoniya kuma ba sa barinsa ya sarara. A nan ne surutu yake farawa a tsakar gida: nononta ne ba shi da kyau, ko ta yi kwanika, ko bakin mutane ne. Sai a dasa wa uwa laifin da ba nata ba, a shiga jiƙe-jiƙe da hayaƙi, yaro kuwa zuciyarsa ce take aikin da ya fi ƙarfinta.

Akwai kuma yaron da leɓɓansa da harshensa da ƙasan faratansa suke yin shuɗi-shuɗi, musamman in yana kuka. Fatarmu baƙa ce, don haka kada a tsaya duban kumatu. A buɗe baki a dubi harshe da dasashi. In irin wannan yaron ya yi wayo, za ku gan shi cikin sa'o'insa ana guje-guje a layi, sai ya tsaya cak ya tsuguna, gwiwa a ƙirji, ya ɗan jima sannan ya miƙe. Ba wanda ya koya masa. Jikinsa ne ya gano cewa tsugunon yana tura ƙarin jini zuwa huhu. A gida kuwa sai a ce masa raggo.

Mafi yawan lokaci ba a san takamaiman abin da ya jawo hudar ba, kuma ba alhakin uwa ba ne. Amma an san wasu abubuwa da ke ƙara haɗarin: ƙyandar Jamus in ta kama mai ciki a watannin farko, ciwon sukarin da ba a kula da shi ba, da wasu magunguna da mai ciki ke sha ba da sanin likita ba. Kusan rabin yaran da ake haifa da larurar Down suna da matsalar zuciya, don haka duk irin wannan jariri a duba zuciyarsa tun yana ɗanye ko da ba a ga komai ba. Auren zumunci ma, wanda muke alfahari da shi, yana ɗan ƙara haɗarin; ban ce a daina ba, amma gidan da aka taɓa samun mai irin wannan ciwo su gaya wa ma'aikatan awo tun cikin yana ƙarami.

Me ya sa nake ta nanata gaggawa? Ƙaramar huda sau da yawa tana rufewa da kanta, likita sai ya riƙa bibiya kawai. Babbar huda kuwa tana tura jini mai yawa zuwa huhu dare da rana, har jijiyoyin huhun su yi kauri su taurare. In aka kai wannan matakin, ko an tara kuɗin duniya ba a iya yin aikin kuma, domin rufe hudar a lokacin cutar da yaron zai yi. Abin takaicin, kafin a kai nan yaro yakan yi kamar ya samu sauƙi, hakin ya ragu, iyaye su yi hamdala su daina zuwa asibiti.

Sai nau'i na biyu, wanda ya fi ƙona mini rai, domin kusan gaba ɗayansa ana iya hana shi da kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba. Mafarinsa ciwon maƙogwaro ne. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya kwana da zazzaɓi, haɗiyar yawu ta zama wahala, kaluluwa ta fito a wuya, in an haska bakinsa a ga 'yan wuya sun yi ja sun kumbura, wani lokaci da farin ruwa-ruwa a kansu, kuma babu tari babu majina. Ba kowane ciwon maƙogwaro ne mai haɗari ba, yawancinsu mura ce. Amma akwai wanda wata ƙwayar bakteriya take haddasawa, kuma in ba a kashe ta da maganin fenisilin ba, garkuwar jikin wasu yaran takan rikice ta koma yaƙar jikin da take karewa. Bayan mako biyu ko uku, maƙogwaro ya warke an manta, sai gwiwa ta kumbura ta yi zafi, jibi ta saki ta koma idon sawu, gata ta koma gwiwar hannu. Mu ce sanyin ƙashi ne, a shafa man zafi. Gaɓoɓin za su warke sarai, amma ƙyauren zuciya ya riga ya ji rauni, kuma duk lokacin da ciwon ya dawo raunin ƙaruwa yake yi, har ƙyauren ya kasa rufuwa ko ya kasa buɗuwa. Yarinyar da ta yi wannan ciwon tana firamare, sau da yawa sai ta yi aure ta ɗauki cikin fari sannan zuciyar ta gaza. Wannan cuta tana kashe mutum sama da 300,000 duk shekara a duniya, akasarinsu a ƙasashen talakawa, har Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kanta a 2018. Kuma cunkoso ne abincinta. Wanda ya san yadda ake kwana a ɗakunan Sabo, da yadda almajirai ke jeruwa a zaure ɗaya, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To me muke yi in maƙogwaron yaro ya yi ciwo? Ko dai a kira wanzami ya cire beli, ko a aika kemis a sayo kafso huɗu. Ina girmama wanzamai, sana'ar iyaye da kakanni ce, amma yanke beli ba ya kashe ƙwayar cutar nan, ga zubar jini, ga kuma ƙofar da aka buɗe wa wasu ƙwayoyin su shiga jini, wanda ga yaro mai huda ko raunin ƙyaure yana iya zama ajali. Kafso huɗu kuma zazzaɓin kawai suke kwantarwa. Abin da ake bukata shi ne ma'aikacin lafiya ya duba, in ya ga alamar wannan ƙwayar ya rubuta magani na kwana 10 cur, a shanye shi ko da yaro ya warware a kwana na uku, ko kuma a yi masa allura guda ɗaya mai daɗewa a jiki.

Wata alamar kuma ita ce ta fi kai mu ga kuskure. Yarinya ta fara wasu motse-motse da ba ta iya tsayarwa, hannu na fizga, fuska na yamutsewa, kofi na faɗuwa daga hannunta, rubutunta a allo ya lalace, in ta yi barci kuma komai ya lafa. Kowa zai ce iska ce. Malamaina, ku gafarce ni, ba ina hana addu'a ba ne. A yi ta, a ƙara. Amma wannan fizge-fizgen sananniyar alama ce ta ciwon nan da ke bin bayan ciwon maƙogwaro, kuma in an kawo muku irin wannan yarinya, ku tofa mata sannan ku ce da uban ya wuce da ita asibiti a saurari zuciyarta. Maganarku ta fi ta kowa nauyi a kunnensa.

Yaron da aka tabbatar ya yi wannan ciwo, ana sa shi a kan allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, wani har ya zama magidanci. Allurar tana da kauri, tana da zafi, yara suna gudun ta, kuma a asibiti kaɗai ake yin ta. A nan muke yawan faɗuwa, saboda mu mutanen tafiya ne. An tafi gida Kano ko Sakkwato hutun Sallah, an zarce wata uku, allura ta tsaya, ciwo ya dawo. Duk inda za a kai yaron, katinsa ya bi shi, a nemi asibitin da za a ci gaba tun ranar da aka sauka.

Tunda na ambaci Kano, kada mu manta da mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi ko'ina jin jiki. Dafin mashaƙo yana kama naman zuciya, yaro ya tsira daga shaƙewar wuya amma zuciya ta tsaya bayan mako ɗaya ko biyu. Rigakafinsa yana cikin alluran jarirai da ake yi kyauta. Motocin Arewa kullum suna sauke mana baƙi, don haka gidan da bai kammala wa yara allura ba ya kammala. Haka nan ƙarancin jini mai tsanani, na zazzaɓin cizon sauro ko na sikila, yana gajiyar da zuciyar yaro. In tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat kuma yana haki, ba a kwana da shi a gida.

Kada wani ya ce ai ciwon zuciya ba ya magani a ƙasar nan. Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a yi aiki a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. Nan UCH, likitocin yara irin su Farfesa Antia da Farfesa Jaiyesimi sun shafe shekaru suna nazarin zuciyar yaran Ibadan tun kafin a haifi yawancinmu. Kuma matasan da ke cika filin Adamasingba kallon ƙwallo sun san Nwankwo Kanu: a 1996, bayan ya ciyo wa Nijeriya zinare a Atlanta, aka gano matsalar ƙyauren zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya dawo ya ci gaba da taka leda shekaru da dama, sannan ya kafa gidauniyar taimakon yara masu ciwon zuciya a 2000. Gwajin farko ma ba shi da zafi: hoton zuciya ne da ake kira eko, a shafa wa yaro ɗan mai a ƙirji a ɗora na'ura, yana kwance a cinyar uwarsa.

Abin da ke tsayar da mu uku ne, kuma duk a hannunmu suke. Na farko izini. Alhaji, ka fita tun asuba zuwa kara ko wurin canji, wayarka a kashe ko kana tsakiyar ciniki, uwar yaro tana zaune da shi yana haki tana jiran ka dawo. Ka ba ta izini tun yau, a gaban mahaifiyarka in a gidan take, cewa in numfashin yaro ya canza ta fita ba sai ta nemi kowa ba, kuma ka ajiye mata kuɗin mota da na kati a inda ta sani. Na biyu harshe. Da yawa daga cikin matanmu ba sa jin Turanci, Yarbancinsu na kasuwa ne, sai su tsaya gaban likita su ce jikinsa ne ba daɗi, alhali gumin goshi da sakin nono da tsuguno su ne abin da yake son ji. Muna da 'ya'ya mata da suka gama sakandare, wasu har da karatun jinya. Me zai hana kowane layi ya san wadda za a kira ta raka uwa ta yi mata tafinta?

Na uku kuɗi, kuma ba zan raina shi ba: aikin zuciya miliyoyin naira yake ci, ko a nan ko a Indiya. Amma tun 1916 da aka kafa Sabo, unguwar nan take saukar baƙo, ta ba shi masauki da abinci, ta tsaya masa har ya sayar da shanunsa ya sayi goronsa. Tsarin maigida da amana ne ya riƙe kasuwancin kakanninmu. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da limaman masallatanmu, da shugabannin 'yan canji da mahauta da masu tsire, su zauna su kafa asusu ɗaya na lafiyar yara, da amintattun mutane uku da za su riƙe littafinsa, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar Juma'a. Ba sai asusun ya iya biyan aiki tun ranar farko ba. Ya fara da kuɗin eko ga duk jaririn da aka tura, da allurar wata-wata ga yaran da iyayensu suka gaza, da maganin maƙogwaro ga almajiran da iyayensu ke can Arewa, waɗanda in ba alarammansu ya lura ba, babu mai haska bakinsu ya duba.