Littafin da Alƙalin Rogo Zai Buɗe

Manoma biyu na iya tsayawa gaban alƙali a Rogo kan gonar da aka ba da jingina shekara goma da suka wuce, kuma ƙarar tasu ba ta da wuyar bayani. Ɗaya ya shiga matsi, ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonarsa. Ɗayan ya riƙa noma ta kowace damina yana kwashe masara da dawa. Yau mai gona ya kawo daidai adadin da ya karɓa yana neman abinsa, mai kuɗi kuwa ya ce nairar da ya bayar ba ita ce nairar yau ba, balle tun da aka saki farashinta a watan Yunin 2023. Tambayoyi uku ne a nannaɗe cikin wannan ƙara: ko ya halatta mai bin bashi ya ci amfanin abin da aka jinginar masa, ko bashin kuɗin takarda da adadi ake biyansa ko da ƙima, da kuma wace irin mallaka mai gonar yake da ita tun farko, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin amfani da filayen karkara. Littattafan da alƙalinmu ya tashi a kansu su ne Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a 996, da Muktasar na Khalil da aka rubuta a Masar a ƙarni na 14, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426. Game da tambaya ta farko mazhaba ta yi magana sarai: rancen da ya jawo wa mai shi amfani haramun ne. A ta biyu Khalil ya taɓo kwabban tagulla da aka daina karɓa ko suka ɓace daga kasuwa, saura kuma sai alƙali ya yi ƙiyasi da kansa. A ta uku ba su ce komai ba, don dokar ta zo bayansu da ɗaruruwan shekaru.

Abin da nake riƙe da shi shi ne, rubuta littafin madogara na zamani, wanda zai tattara irin waɗannan mas'aloli ya warware su bisa ƙa'idojin mazhabar Malikiyya tare da sanin dokar ƙasa da halin mutane, faralu kifaya ne da ke wuyan malaman Kano. Alƙali ba shi da damar cewa masu ƙara su koma gida don bai sami nassi ba. Dole ya yanke hukunci, kuma in babu marji'in da ya haɗa shi da takwarorinsa, gwargwadon karatunsa da fahimtarsa kaɗai zai yanke. Sai a wayi gari ƙara iri ɗaya ta sami hukunci daban a Rogo da Ƙaraye, garuruwan da suke ƙarƙashin masarauta guda. Mai hali zai ɗauki lauya ya ɗaukaka ƙara har Kano. Talaka kuwa abin da aka yanke masa a kotun farko shi ne ƙarshen maganarsa, don haka a kansa nauyin wannan giɓi yake sauka.

Wanda ya ji wannan kira ya ɗauka sabon abu ne, to ya waiwayi tarihin Kano kanta. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, domin mai mulki yana bukatar abin dubawa da ya dace da kujerarsa. Wajajen 1807 Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya biyo ta Kano da niyyar wucewa gabas, jama'ar gari suka riƙe shi suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su dogara da shi wajen tafiyar da mulki da shari'a, ya rubuta Diya'ul Hukkam. A kula da waɗanda suka yi roƙon: malamai ne da suka san Risala da Muktasar, littattafan suna nan cikin gafakarsu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai ciro musu daga cikin tekun fiƙihu abin da ya shafi sabon halin da suka tsinci kansu a ciki bayan jihadi. Malam Abdullahi bai ce musu tsofaffin littattafai sun ishe su ba. Ya ma ƙara da wani ɗan littafi, Ta'alimur Radi, kan hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, wato mas'alar fili, wadda ita ce har gobe ke cika kotunan karkara. A Magrib kuwa malaman mazhaba sun mai da wannan aiki fanni mai zaman kansa da suke kira nawazil, matsalolin da suka sauko wa mutane a zamaninsu. Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya tattara fatawoyin malaman Ifriƙiyya da Andalus da Magrib cikin Mi'iyar, mujalladai masu yawa, cike da rigingimun ruwan ban-ruwa da haya da sadaki da waƙafi.

Tushen wannan aiki a usulu yake. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya yi bayani a Furuƙ da kuma Ihkam cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada yana sauyawa in al'adar ta sauya, kuma mai fatawar da ya daskare a kan abin da ke rubuce, bai tambayi al'adar garin mai tambaya ba, ya saɓa wa manufar malaman da yake jin yana bi. Wannan ba ya taɓa abin da nassi ya yanke. Riba tana nan haramun, rabon gado yana nan yadda Alƙur'ani ya tsara shi. Abin da ke motsi shi ne gano ko wannan mu'amala ta gabanmu riba ce ko ba riba ba, ko wannan kaya na cikin dukiyar mamaci ko na matarsa ne. Ladan da mai POS ke cira in ya ba ka tsabar kuɗi, ijara ce ko ƙari ne a musayar kuɗi da kuɗi? Kayan lefe kyauta ne ko ɓangaren sadaki, in aure ya mutu kafin tarewa? Ba a amsa irin waɗannan sai an haɗa ilmi biyu, sanin hukunci da sanin abin da ake yi wa hukuncin.

Akwai masu cewa Muktasar ya wadatar, duk abin da ya taso ana iya fitar da shi daga cikinsa. Na yarda da rabin maganar: ƙa'idojin suna ciki. Amma tarihin Muktasar ɗin kansa yana ba da shaida a kansu. Don taƙaicinsa ne Haɗɗabi ya yi Mawahibul Jalil, Dardiri ya yi Sharhul Kabir, Dasuƙi ya bi shi da hashiya, aka zo da Jawahirul Iklil da alƙalanmu ke yawan buɗewa. Kowane ƙarni ya ga bukatar ya ƙara bayani, babu kuma wanda ya zarge su da raina Khalil. In fitar da hukunci daga ƙa'ida abu ne mai sauƙi da kowane alƙali zai yi shi kaɗai tsakanin ƙara da ƙara, da waɗannan manya ba su ƙarar da rayuwarsu a kai ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma tarihi yana goyon bayanta. Masu ita suna tuna cewa sau da yawa in aka taƙaita shari'a cikin kundi, hukuma ce ke riƙe da alƙalamin. A 1916 Ruxton ya fitar da taƙaitaccen Muktasar da Turanci don joji da razdan su riƙa sa ido a kan alƙalai. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana, ciki har da Babban Jojin Sudan Abu Rannat da Farfesa Anderson na Landan, abin da ya haifar da kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960 ya raba alƙalai da hukunta laifuka bisa littattafansu. Ko a 2017, da Sarki Muhammadu Sanusi II ya yi maganar kundin dokar iyali ga Kano, wannan fargaba tana cikin abin da ya tayar da ƙura. Ban raina ta ba. Sai dai littafin madogara daban, dokar majalisa daban, kuma Imamu Malik ne ya nuna mana iyakar da ke tsakaninsu. Ya rubuta Muwaɗɗa, amma da halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa duk garuruwan Musulmi bin sa, ya ƙi, yana mai dalili da cewa sahabbai sun watsu cikin ƙasashe, kowace ƙasa da ilmin da ya isa gare ta. Littafin da nake nufi irin wannan ne: ya kawo mashhurin mazhaba da hujjarsa, ya ambaci saɓani, ya faɗi abin da marubutan suka rinjayar da dalilinsu, alƙali kuma yana da ikon ya saɓa masa in ya rubuta hujjarsa. Ƙarfinsa daga ingancinsa zai zo. Ina ma ganin rashin irinsa ne ke buɗe wa hukuma ƙofa, don inda malamai suka bar wuri babu kowa, majalisa ce ke cike shi.

Wasu kuma za su ce ai an riga an yi aikin a wani wuri. Kuwait ta buga kundin fiƙihu mai mujalladi 45. Majalisar Fiƙihun Musulunci da ke Jidda ta yanke tun 1988 cewa bashin kuɗin takarda da adadinsa ake biya. A nan gida Philip Ostien, wanda ya koyar a Jami'ar Jos, ya tattara takardun aiwatar da shari'a a jihohin Arewa daga 1999 zuwa 2006, aka buga su a Ibadan a 2007 cikin mujalladi biyar. Duka ayyuka ne masu daraja da bai kamata mai bincike ya tsallake su ba. Amma aikin Ostien yana adana abin da aka yi ne, bai ɗauki nauyin faɗin abin da ya kamata a yanke ba, kuma malamin da ke Jidda bai san adashi ba, bai san burtali da mashaya ba, bai san yadda gandu ke rabuwa in uba ya mutu ya bar ƙannensa da 'ya'yansa a gona ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da na fi jin tsoro, kuma ba ni da cikakken maganinsa, shi ne littafi ya faɗa hannun wanda bai zauna gaban malami ba, ya karanta shafi ɗaya ya hau fatawa. Wannan haɗari gaskiya ne, ya fi girma in an rubuta da Hausa. Amma yana nan tun yanzu, a cikin wayoyin hannu, ba tare da tacewar kowa ba. Kuma masu ƙara suna da haƙƙin su fahimci abin da aka hukunta su da shi, don haka a rubuta da Larabci saboda alƙalai, a yi na Hausa saboda jama'a. Masu aikin ma ba nemo su za a yi daga nesa ba. Kano ce ta buɗe makarantar horar da alƙalai a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Yau ga Jami'ar Bayero, ga Kwalejin Aminu Kano ta shari'a, ga malaman zaure da suka haddace Muktasar, ga hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da suka taru shekara da shekaru. A zaunar da su tare da masu ilmin tattalin arziki da ma'aikatan filaye da dagatai, a fara da babin jingina. Babin ya fayyace ko za a lissafa hayar gonar ta shekarun da aka noma ta a cire daga bashin, ya faɗi abin da za a yi in faɗuwar naira ta wuce misali, ya kuma nuna wa manomin Rogo wata hanya ta halal da zai sami kuɗin taki ba tare da ya saki gonarsa ba.