Hawan Dutsen Nur da Ladabin Muridi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

A gefen birnin Makka, wajen kilomita 4 arewa maso gabas da Masallacin Harami, akwai dutsen da Larabawa ke kira Jabalun Nur. Tsayinsa ya kai mita 640 daga doron teku. A kansa Kogon Hira yake, inda Manzon Allah (SAW) yake keɓewa yana bauta kafin aike, kuma inda Mala'ika Jibrilu ya zo masa da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ, cikin watan Ramadan, a shekara ta 610 miladiyya, yana da shekara 40 a duniya. Shi ya sa da wuya mai shauƙin Annabi ya je Makka daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya hangi dutsen nan, zuciyarsa ba ta motsa ba.

Hawan kuwa ba wasa ba ne. An yi matakala a mafi yawan hanyar, amma tana da tsayi, tana kwana-kwana. Mai ƙarfi kan yi sa'a guda, dattijo kan yi biyu ko fiye. Saboda zafin rana, yawancin mutane da dare ko kafin asuba suke hawa. A hanya birai na fizge ledar abinci daga hannun wanda ya yi sakaci. Tun ba a kai rabi ba gwiwa ta fara rawa, maƙogwaro ya bushe, mutum ya fara jin nauyin duk abin da ya ɗauko wanda ba ya bukata.

A nan ne ya kamata muridi ya tuna cewa Manzon Allah ya hau dutsen nan babu matakala, babu fitila, babu mai sayar da ruwa a hanya. Yakan kwana darare a can, guzuri ya ƙare, ya sauko wurin Nana Khadija (RA) ta sake haɗa masa, ya koma. Wanda ya ji numfashinsa na sarƙewa a kan matakala ya ɗanɗani kaɗan daga himmar da suluki yake nema. Lazimin safe da na yamma ma haka yake: taki ɗaya bayan ɗaya, ranar nishaɗi da ranar kasala.

Sai dai babban darasin yana can sama. Kogon ba a kan ƙololuwa yake ba. Mai hawa sai ya kai tsororuwar dutsen, ya ga Makka shimfiɗe a ƙasansa, sannan ya gangara kaɗan ta ɗaya gefen, ya ratsa tsakanin duwatsu masu matsi, ya sunkuya. Kogon kansa ƙarami ne, mutum biyu ko uku sun cika shi. Wanda ya tsaya a ƙololuwa yana jin daɗin ya fi na ƙasa, bai isa Hira ba. Haka muridin da ya yi shekaru yana zikiri har ya fara ganin kansa sama da ƴan uwansa na zawiya: ujubu ya tsare shi, saura taki kaɗan. Shehunan tarbiyya sun daɗe suna gargaɗi cewa nafsu ta fi haɗari a lokacin da ta ga ta yi nisa.

A bakin kogon ake gane wanda ya hau da ladabi. Wurin ƙunci ne, jama'a da yawa, kowa ya gaji. Sai a ga mutum ya ture tsohuwa, ya taka ƙafar ɗan uwansa, don ya samu raka'a biyu a ciki. Ziyarar Hira ba rukunin Hajji ba ce, ba wajibi ba ce, ba ta cikin sunnonin Hajji ko Umra. Cutar da Musulmi kuwa haramun ne. Haka wanda ya raba dare yana hawa, ya dawo masauki a gajiye, barci ya ɗauke shi har Asuba ta wuce: ya sayar da farilla a garin da salla ɗaya a Haraminsa ta fi dubu ɗari a wani wuri. Dattijo mai hawan jini ko ciwon gwiwa, da ya tsaya a gindin dutsen ya yi wa Annabi salati, bai rasa komai ba.

Sannan akwai saukowa. Manzon Allah bai zauna a kogon ba bayan wahayi ya zo. Ya sauko jikinsa na makyarkyata, ya nemi a lulluɓe shi, Nana Khadija ta kwantar masa da hankali tana ambaton sada zumuncinsa da karɓar baƙi da ɗaukar nauyin gajiyayyu. Daga nan ya shafe shekara 23 a cikin mutane, yana kira, yana haƙuri da cutarwarsu. Don haka muridin da ya hau Dutsen Nur, ko ya shiga halwa da izinin shehinsa, a gida za a ga abin da ya samo: yadda yake magana da iyalinsa, yadda yake awo a kasuwa, yadda yake biyan bashi.

Allah Ya ba ƴan uwa ziyara karɓaɓɓiya, Ya tsare zukata daga ujubu da riya, albarkacin Ma'abocin Hira, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.