Ina Ruwan Gidanka Yake Zuwa?

Wanda ya taɓa cin kasuwar Treichville a birnin Abidjan cikin watan Yuni ya san yadda hankalin 'yan kasuwa yake tashi idan hadari ya haɗo. Mai goro yana jan huhunsa, mai atamfa yana neman tamfol, mai tsire yana kare wutarsa. Unguwar shimfiɗaɗɗiya ce, a kan tsibiri, a bakin tabkin Ébrié. Idan kwata ta toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta a ƙofar rumfa.

A Adjamé, can ƙetaren ruwa, matsalar dabam ce. Ruwan da ya zuba a tuddan Abobo da Adjamé yakan bi kwarin Gourou ya gangaro mararrabar Indénié, wadda ta yi shekaru tana cika har motoci su tsaya cak. A daren 18 ga Yuni 2018 an kwana ana ruwa a Abidjan, gari ya waye mutane kusan 20 sun rasu.

Idan irin wannan ya faru mukan ce ikon Allah ne, ko kuwa laifin hukuma. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Shin mutum yana da alhakin ruwan da ya fita daga gidansa?

Bari mu yi lissafi. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 50, yana zubar da lita 5,000, wato duro 25 na lita 200. Idan tsakar gida ƙasa ce mai ciyawa da itatuwa, za ta shanye wani kashi, sauran kuma ya fita a hankali. Idan maigida ya shafe ko'ina da siminti, dukan ruwan nan zai fita ta wuriya cikin ɗan lokaci. Gida ɗaya ba kome ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika. Ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Wanda yake karɓarsa shi ne na ƙasa, galibi talaka mai haya, wanda ba a yi shawara da shi ba ranar da aka kwaɓa simintin.

Wani zai ce, “Filina ne, da kuɗina na saya. Ba na son taɓo, ba na son sauro.” Maganarsa tana da hujja, gama zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne, tsabta kuma abin so ce. Duk da haka mallakar fili ba ta ba mutum izinin cutar da wani. Wanda ya watsa shara a gidan maƙwabcinsa, kowa zai ce ya yi laifi. To, me ya bambanta shi da wanda ya tura masa duro 25 da tsakar dare? Bambancin kawai shi ne na biyun ba ya ganin fuskar wanda ya cuta. Maƙwabci ba wanda kuka haɗa katanga kaɗai ba ne. Duk wanda ruwanka ya kai ƙofarsa maƙwabcinka ne, ko da ba ka san sunansa ba.

Wani kuma zai ce gina magudanai aikin gwamnati ne. Haka ne, kuma daidai ne a tuna mata. Amma gwamnati ta sa hannu a dokar hana leda tun 2013, ga shi leda ba ta daina toshe kwata ba, domin hannuwanmu ne suke yar da ita.

Me mutum zai yi ke nan? Mai tsakar gida ya bar wani sashe ba siminti. Ya shimfiɗa duwatsu ko bulo a hanyar tafiya, ya bar tsaga a tsakaninsu. Inda indararo yake zuba ya yi ɗan kwari mai tsakuwa, nesa da tushen ɗaki da masai, wanda zai tsotse ruwa cikin kwana ɗaya, kafin sauro ya hayayyafa. Ya dasa abin da ƙasar ta sani: shuwaka da ɗoɗɗoya don miya, kwakwar manja ko goro idan akwai fili, jema a bakin gangare domin saiwarta tana riƙe ƙasa. Waɗannan sun saba da damina da ranin wurin, ba su neman dawainiya kamar furannin da aka kawo daga waje don ado. Dubi dajin Banco da ke cikin birnin, wanda aka keɓe tun 1953. Ruwan da yake sha yana komawa ƙarƙashin ƙasa, inda birnin yake samun babban kashi na ruwan famfonsa. Tsakar gida mai itace ɗan ƙaramin Banco ne.

Mai haya a Treichville, inda ruwan ƙasa yake kusa, ba lalle rami ya yi masa amfani ba. Shi ma yana da nasa rabo. Ya tari ruwa a duro mai murfi don wanki, ya haɗa kai da 'yan layinsu su yashe kwata a watan Afrilu, kafin ruwa ya kankama. Ba za a tambayi kowa abin da ba a ba shi ba, amma ba wanda aka bari hannu wofi.

Ya ɗan'uwa, ran da aka ɗauke ruwa, ka fita ka bi sawun wanda ya fito daga gidanka, ka ga ƙofar da ya tsaya. Ka gai da mai gidan, ka tambaye shi yadda ya kwana. Daga nan za ka san abin da ya kamace ka.