Tafinmu ya yi yawa, tambayarmu ta yi kaɗan

Jama'ar Maradi, da na Tibiri, da na Jiratawa, akwai wani hali da ya zauna mana wanda ya kamata mu duba. Duk wanda ya karɓi mulki a Yamai, mu ne masu yi masa tafi. An yi wa Seyni Kunce a 1974, da ya kawar da Diori Hamani ana tsakiyar fari. An yi wa Bare Mainasara a 1996, bayan shekara uku dogaransa suka harbe shi a filin jirgi. Mu muka riƙa kiran tazarce don Tanja a 2009, kuma mu ɗin ne muka yi murna da Salu Jibo ya kama shi a Fabrairun 2010. Ran 26 ga Yulin 2023 Janar Tiani ya tsare Bazoum, muka sake cika tituna. Juyin mulki biyar ke nan, kuma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi mai shigowa abin da zai yi da ran talaka ba.

Ɓacin ran soja yana da tushe, kada mu musanta. A Disambar 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, wata guda bayan haka aka kashe 89 a Cinagodar. 'Ya'yanmu ne, masu iyaye da mata da ƙananan yara. Ba a gama zaman makokinsu ba sai binciken ma'aikatar tsaro ya nuna cewa kimanin miliyar 76 ta sefa ta salwanta a cinikin kayan yaƙi. Waɗansu 'yan ƙungiyoyin farar hula sun fito a Yamai a watan Maris na 2020, aka kama jagororinsu. Mu kuwa yawancinmu muka yi shiru, kowa yana kare jam'iyyarsa, kamar kuɗin ba na harajinmu ba ne. Sojan da ya ga an ci kuɗin makaminsa, ya kuma ga jama'a ba ta ce uffan ba, ba zai ƙara ganin girman farar hula ba. Da wannan shirun namu aka share hanyar abin da ya biyo baya.

To, yanzu masu kaki ne ke riƙe da ƙasa, kuma dalilin da suka bayar shi ne lalacewar tsaro. Sojan Faransa sun fita, na Amurka sun bar Agadas, amma kisa bai tsaya ba. A Maris ɗin 2025 an kashe masallata 44 a Fambita ranar Juma'a, cikin azumi. A watan nan ne kuma aka rushe jam'iyyu, aka ba Janar Tiani shekara biyar a kan mulki. Ba ni da shaukin jam'iyyun, na san abin da suka yi mana. Sai dai ina tunanin manomin Gabi da aka sace wa shanun huɗa, ko wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin fansar ɗansa: wa zai miƙe ya yi magana da yawunsa ba tare da an ce masa maci amanar ƙasa ba? Kuma hafsan da aka horar don yaƙi, in ya koma ofis yana duba takardun haraji, to an rage mutum ɗaya a daji.

Mun ga abin da rigimar sama take jawo wa na ƙasa. Da CEDEAO ta sa takunkumi bayan juyin mulkin 2023, aka rufe iyakar Ɗan Isa, Najeriya ta yanke wuta, kasuwar Maradi ce ta fara jin jiki, ita da ta dogara da Katsina da Kano. Mai noman rani a Jiratawa ya rasa inda zai kai kayansa. 'Yan bindigan da ke yawo tsakanin dajin Baban Rafi da Zamfara da Katsina kuwa babu iyakar da ta tare su.

Kakanninmu sun san matsalar mai yaƙi ya riƙe mulki. A da, a fadar Maradi Kaura ne ke jan yaƙi, yana cikin masu zaɓen sarki tare da Galadima da 'Yandaka da Durbi, amma ba shi ke hawa gadon ba, kuma akwai masu iya ce masa a'a.

Akwai kuma namu laifin na kusa da gida, wanda ba ma son a faɗa. Ɗan bindiga ba ya haƙo mai a daji, ba ya gasa burodi, bai san gidan da aka sayar da sa ran kasuwa ba sai wani daga cikinmu ya gaya masa. Muna zargin gwamnati da soja, alhali mun san mai kai jarkar, muna gaisawa da shi a masallaci. Mu kai sunansa ga mai gari da jandarma. Mu girmama ƙaramin sojan da ke kwana a hanyar Gidan Rumji, mu duba matan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Sannan in wani babba ya zo daga Yamai, da kaki ya zo ko da babbar riga, bayan an gaisa dattawanmu su tambaye shi nawa aka ware don tsaron Madarunfa, da inda kuɗin suka shiga.