Shin Mai Jinyar Jama'a Yana da Haƙƙin Ya Ce Ya Gaji?

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi, malamai sun sanya aikin magani cikin farillan kifaya, watau wajibin da ke kan al'umma baki ɗaya, wanda idan wasu suka tsaya da shi sai ya sauka daga wuyan sauran. Amma mun riƙe rabin hukuncin mun saki rabi, domin nauyin ba ya sauka sai waɗanda suka ɗauka sun wadatar.

Ku dubi malaman likita da ake turawa karkara. Da bazara suna bin sanƙarau, irin wanda ya afka wa Nijar a 1995 da 2015. Da damina zazzaɓin sauro da tamowa suna cika gadajen yara a Magariya da Madarunfa. Mutum ɗaya bisa babur, da akwatin sanyi na allura a bayansa, yana keta rairayi da koramu, ya yi makonni bai ga iyalinsa ba. Wani lokaci har ransa yana cikin haɗari: a Faburairu 2013 an harbe masu rigakafin shan inna 9 a Kano.

To, idan irin wannan ya nemi hutu, ko ya ƙi bin hanyar da ba ta da tsaro, ya ci amana ke nan? Wasu za su ce ajali ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga Sarga da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, Abu Ubaida kuwa ya zauna tare da rundunarsa har ta yi ajalinsa, kuma dukansu biyu imaninsu ba abin zargi ba ne. Ban da haka, idon da ya kwana biyu bai runtsa ba yana iya kuskure ma'aunin magani, yaron wani ya kwana a ciki. Wannan ba hujja ba ce ga mai daka wa majinyaci tsawa, shi hukuncinsa daban.

Abin da ya rage a wuyanmu sananne ne: liman ya sanar da zuwansu bayan salla, maigari ya ba su masauki da ɗan rakiya, a kai musu ruwa da abinci, a kuma tsawata wa mai yaɗa jita-jita a kansu tun kafin su iso garin.