Ya Kashe, Ko Makashi Ne?

A ajinmu na nazarin harshe mun taɓa tsayawa kan kalmomi biyu. Idan aka ce "ya kashe", ana maganar aikin da ya auku ya wuce. Idan aka ce "makashi", wannan "ma-" ta farko ta mai da aikin ya zama sunan mutum, kamar maƙeri ko manomi. Tun ranar nake tambayar kaina: yaron da ya yi kisa yana ɗan shekara 16, wanne daga cikin biyun ya dace da shi in ya kai 35?

Mu ƴan Arlit ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun da Cominak ta rufe a watan Maris 2021, gidaje da yawa a Akokan suka rasa abin dogaro. Wasu ƙannenmu sun bar lekol sun nufi Tchibarakaten neman zinariya, wasu suna zaman fada har tsakar dare. A ce faɗa ya tashi a kan kuɗi, wuƙa ta fito, rai ya salwanta. Dokar Nijar ta ce wanda bai kai 13 ba, ba a yanke mishi hukuncin laifi. Daga 13 zuwa 18 kuwa, in laifin na kisa ne ko ɗaurin rai da rai ga babba, yaro yana iya shan shekara 10 zuwa 30. Talatin fa! Kusan ninki biyu na shekarun da ya yi a duniya.

Na san abin da za ku ce: to uwar mamacin fa? Gaskiya ne, ɗanta ba zai dawo ba, kuma duk wanda ya raina hawayenta ba ya da bakin maganar adalci. Shi ya sa ban ce a buɗe ƙofa kawai ba. Saki bisa sharaɗi yana cikin dokokinmu. Abin da nake nema shi ne a riƙa duba wa irin waɗannan yara shi da gaske: bayan wasu shekaru alƙali ya sake kallon mutumin, ya ji ta bakin dangin mamaci, ya ga ko ya koyi sana'a, ko ya yi nadama. In bai canza ba, ya koma ciki.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta hana ɗaure yaro har abada ba tare da damar fita ba. Kakanninmu ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ashe mun yarda yaro yana tanƙwaruwa. In ya tanƙwaru zuwa ɓarna yana 16, me zai hana ya miƙe a gidan kaso?

Wanda ba ya da ranar da za a sake duba shi, wallahi ba ya da dalilin gyaruwa. Kuma ko an jima ko an daɗe, unguwarmu zai dawo. Gara ya dawo da sharaɗi, idon hukuma na kanshi, da ya fito yana 46, ba sana'a, ba kowa, sai sunan da muka laƙa mishi.